Birki Ba Ya Tsinkewa Rana Ɗaya

A kakar bara na shiga motar haya daga Gaya zuwa Ajingi. Tsohuwar Golf ce da aka ƙera don mutum 5, amma mu 9 muka shiga: huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, ɗaya ya raba kujera da direba, ga kuma wani yaro a but a kan buhunan gero. Ba mu yi nisa ba na lura da wata ɗabi'a ta direban. Duk inda hanya ta ɗan yi gangara sai ya zare giya, ya murɗa makulli ya kashe injin, motar ta ci gaba da sulalewa ba a jin komai sai ƙarar taya. In gudu ya ragu ya sake tayarwa. Da na tambaye shi dalili sai ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, tun da aka cire tallafin mai, wanda bai iya wannan ba ba zai haɗa balas ba."

A wata gangara ya taɓa birki sau biyu saboda ramuka, injin yana kashe. Muna shan kwana sai ga garken shanu ya cika hanya. Ya taka na uku, birki ya sandare kamar an taka dutse. Na ga ya ɗaga jikinsa daga kujera ya danna da dukan ƙarfinsa, ya fizgi birkin hannu, motar ta karkace ta faɗa cikin rairayin gefen hanya, ta tsaya a tsakanin kututturan karan dawa. Babu wanda ya ko ƙwarzane. Aka yi ta salati. Wani dattijo a baya ya ce, "Birki ne ya tsinke." Direba ya ce haka ne. Sannan ya tayar da injin, ya taka birkin da aka ce ya tsinke, ya kama sarai, muka ci gaba da tafiya.

Da mun mutu a wurin, da abin da za a karanta a labarai ke nan: birki ya tsinke, mutum kaza sun riga mu gidan gaskiya. Da wannan magana nake da rigima. Ta zama bargon da muke lulluɓe ganganci da shi, na direba da na mai mota da na bakanike da na mai sa hannu a takarda, har da namu mu masu ilimin zamani da muke biyan kuɗi a kawo mana takardar lafiyar mota har gida. Kalmar "tsinkewa" tana nuna abu ne da ya faɗo daga sama, kamar tsawa. Alhali birki na'ura ce da mutane suka ƙera, suka gwada, suka san iyakarta, kuma kusan duk hanyar da take bi ta mutu tana yin sallama tun da sauran lokaci.

Sai mun koma baya shekara ɗari kafin mu gane abin da ya faru a ƙarƙashin ƙafar direban nan.

Motocin farko a tayoyin baya kawai suke da birki. Ba don ba a iya sa wa na gaba ba. Tsoro ake yi, domin tayar gaba ita ce ta sitiyari, in ta ƙame mota ba ta jin juyi, sai ta miƙe inda nauyinta ya kai ta. Ga shi kuma birkin gaba yana murɗa gatarin gaba da sifirin, waɗanda ba a ƙera su don ɗaukar wannan wahala ba. Kamfanoni ƙalilan ne suka yi ƙarfin hali kafin yaƙin duniya na farko, irin su Argyll na Sikotlan, inda injiniya Henri Perrot ya yi aiki, da Isotta Fraschini na Italiya. A tseren Faransa na 1914 a Lyon motocin Peugeot suna da birki a taya huɗu, amma Mercedes marasa shi ne suka zo na ɗaya da na biyu da na uku, abin da ya ƙara wa masu shakka ƙarfin gwiwa. Har mota mai tsada irin Rolls-Royce Silver Ghost ta yi shekaru fiye da 15 ana sayar da ita da birkin baya kaɗai.

Da aka yarda cewa dole a sa wa taya huɗu, sai wata matsala ta ɓullo. A lokacin sanduna da wayoyin ƙarfe ne ke kai ƙarfin ƙafa zuwa taya, kuma ƙafar ɗan Adam ba ta isa ta matse ganguna huɗu na mota mai nauyin tan 2 tana gudu ba. Ana bukatar wani abu da zai kama wa ƙafa. Turawa suka kira shi servo, daga kalmar Latin mai nufin bawa, wato bawan da ke yi wa ƙafa aikin ƙarfi. Mu kira shi mataimakin birki.

Wanda ya fara fito da shi a motar sayarwa shi ne Marc Birkigt, injiniya ɗan Suwizalan, a motar Hispano-Suiza H6 da aka nuna a bajekolin motoci na Faris a 1919. Dabararsa tana da ban sha'awa. Ya maƙala wata 'yar ganga a jikin akwatin giya, tana juyawa muddin mota na tafiya. In direba ya taka birki, abin da ƙafarsa ke yi shi ne ta manna wani abin kamu a jikin gangar, ita kuma cikin juyawarta ta ja sandunan birki da ƙarfin da ya ninka na ƙafa. Gudun motar da kansa shi ke tsayar da ita. Rolls-Royce suka sayi izinin amfani da wannan fasaha, suka yi mata gyare-gyare, suka fara sa ta a motocinsu a 1924. Tana da aibinta: in mota na tafiyar hawainiya gangar ba ta juyawa da sauri, saboda haka taimakon yakan ɗan makara. Tana kuma da wata fa'ida da ba a nema ba: in tayoyin baya suka ƙame, gangar takan daina juyawa, taimakon ya ragu, tayoyin gaba su sami sassauci.

Abin da ya fi damuna a labarin ba dabarar ba ce, abin da aka yi bayan dabarar ne. Kamfanin da sunansa kaɗai ya isa ya sayar da mota bai yarda da sunansa ba. Sashen gwaji na Rolls-Royce, wanda Ernest Hives ya shugabanta, ya kafa sansani a garin Châteauroux da ke tsakiyar Faransa, inda hanyoyi suke da tsawo, ga gargada, ga damar yin gudu. A can ake kai motar gwaji a yi ta dukanta har mil 10,000, wato kimanin kilomita 16,000, kusan kamar a je Legas daga Kano a dawo sau takwas. Direbobi suna karɓa-karɓa, ana rubuta duk abin da ya yi ƙara ko ya sassauta ko ya ɗau zafi, ana aika rahoto Ingila, a sake zane, a sake ƙerawa, a sake dawowa da ita. Wannan ya sa tsarin ya zauna a motocinsu sama da shekara 40, har zuwa fitowar Silver Shadow a 1965. A Birtaniya ta shekarun 1920 har wata alama mai kusurwa uku ake maƙalawa a bayan mota mai birkin taya huɗu, don a gargaɗi na baya cewa wannan tana tsayawa da wuri, ya ja da baya. Tsayawa abin alfahari ce a lokacin, kamar yadda gudu ya zama abin alfaharin direbobinmu.

Irin mataimakin da ke cikin Golf ɗin da na shiga daban ne, kuma ya fi sauƙi. Asalinsa aikin Albert Dewandre ne, wani injiniya ɗan Beljiyam, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya karɓi fasaharsa a 1927. A Amurka kuwa Caleb Bragg da Victor Kliesrath sun ƙera irinsa, aka sa shi a motar Pierce-Arrow a 1928. Abin dariya ne, ko kuwa abin takaici, cewa ƙasar da muke kiran tsofaffin motoci da kayan gyara na hannu da sunanta, ita ce ta haifi wanda ya ƙirƙiro abin da muke kashewa da makulli. A ɗaya gefen kuma Malcolm Loughead ya kawo birki mai aiki da ruwa a cikin bututu maimakon sanduna, Duesenberg ta fara sa shi a motar sayarwa a 1921, Chrysler ta biyo a 1924, Ford bai sallama ba sai 1939. Haɗuwar waɗannan biyu, ruwa a bututu da mataimaki mai zuƙar iska, ita ce birkin kusan kowace ƙaramar mota da ke tsakanin Wudil da Gaya a yau.

In ka buɗe bonet za ka ga wani baƙin abu mai kama da tukunya a manne da bangon da ya raba injin da direba. Wasu kanikawa suna ce masa busta. A cikinsa akwai fatar roba da ta raba shi ɗaki biyu. Injin fetur, muddin yana aiki, yana zuƙar iska, kuma ta wani tiyo yana zuƙe iskar da ke cikin ɗakunan nan biyu. In ka taka birki sai wata ƙofa ta buɗe, iskar waje ta shiga ɗaki ɗaya, ta tura fatar zuwa ɓangaren da babu iska. Iskar da muke shaƙa tana da nauyi, kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. A kan fata mai faɗin santimita 20, bambancin da ke tsakanin ɗakunan biyu yakan ba da turi na kusan kilo 200, kamar a ɗora buhun masara biyu a kan ƙafarka a daidai lokacin da kake bukata. Motar dizal ba ta da irin wannan zuƙa, saboda haka ake sa mata ɗan famfo na musamman, shi ma injin ke juya shi.

To ka kashe injin. Zuƙa ta tsaya. Abin da ya rage a tukunyar yakan isa taku biyu ko uku, daga nan buhunan masarar sun sauka, sai ƙafarka kaɗai. Birki yana nan, bai tsinke ba, amma ƙarfin da za ka sa ya ninka sau da yawa, kuma ka gano haka ne a lokacin da shanu suke gabanka. Wanda ya murɗa makulli ya zarce kuma yana iya kulle sitiyari a kan gudu. Fetur ɗin da direbanmu ya tsimi a wannan gangara bai kai cikin kofin shayi ba. Ba na jin mugu ne. Ba a taɓa gaya masa ba. Ya koyi tuƙi a matsayin yaron mota, wanda ya koya masa shi ma haka ya koya, kuma lasisin da ke aljihunsa bai tambaye shi mene ne aikin baƙar tukunyar nan ba. Gwajin lafiyarta kuwa bai kai minti ɗaya ba: injin yana kashe ka taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, ka riƙe shi a take, ka tayar da injin. In ya ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka, mataimakin yana da rai. In bai motsa ba, ka nufi gareji. Ina so in san direbobi nawa ne a tashar Gaya aka taɓa nuna wa wannan. Ina kuma so in san mutum nawa ne cikin masu karanta wannan rubutu, masu digiri da mota a gareji, suka sani kafin yau.

Sauran hanyoyin da muke bi mu kashe birki su ma kowa ya san su, sai dai ba a faɗa. Man birki yana shan damshin iska a hankali. Sabon mai irin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 205, amma in ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko zuwa wajen 140. In ya tafasa a cikin bututu sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai ka taka birki ya tafi har ƙasa babu komai. Shi ya sa masu ƙera mota suke cewa a zubar da shi a sa sabo duk bayan kamar shekara biyu. Mu ciko muke yi, har motar ta mutu ba a taɓa juye shi ba, in ma an yi sa'a man gaske aka cika. Na taɓa zama a wani gareji ina kallo, bututun tayar baya na wata motar haya yana yoyo, bakanike ya naɗe bakinsa ya daddake da guduma, ya ce wa direba, "Je ka da uku, in ka samu kuɗi ka dawo." Mota mai birki uku in an taka ta da ƙarfi gefe take ja, kuma gefen da za ta ja yana iya zama inda tirela ke tahowa. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka wajabta a Amurka a raba bututun birki gida biyu, don in ɗaya ya fashe ɗaya ya riƙe. Wannan kariya ta ranar tsautsayi ce. Mu mun mayar da ita abin hawan yau da kullum, ranar da na biyun ya tafi kuma mu ce ƙaddara. Takalmin birki kuwa kafin ya cinye yakan yi makonni yana kuka, ƙarfe yana cin ƙarfe, kowa a motar yana ji.

Za a ce mini, kuma da gaskiya, ai ba birki ne babban mai kisa a hanyoyinmu ba. Alƙaluman da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take tattarawa, waɗanda Hukumar Ƙididdiga take wallafawa, kullum gudun wuce kima suke sawa a gaba. Na yarda. Amma gudu da birki lissafi ɗaya ne aka kalla ta fuska biyu. Mota mai gudun kilomita 50 a awa, da birki lafiyayye a kan busasshiyar kwalta, tana bukatar kamar mita 14 ta tsaya daga lokacin da birki ya kama. In ta ninka gudun zuwa 100, tazarar ba ninki biyu take yi ba, huɗu take yi, wajen mita 56. Kafin nan ma, a cikin daƙiƙa ɗaya da rabi da direba zai ɗauka ya gani ya ɗaga ƙafa, ta riga ta ci mita 40 da ɗoriya. Jimla kusan tsawon filin ƙwallo. Ƙarfin gudun nan kuma ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa a jikin faifai da ganga. Tsayar da mota mai nauyin tan ɗaya da rabi daga gudun 100 sau ɗaya tak yana fitar da zafin da zai kai ruwa fiye da lita ɗaya da rabi ga tafasa. Kowane fasinja da aka ƙara, kowane buhu da aka ɗaure a but, ƙarin wuta ne a kan birkin da aka auna don mutum 5. Yanzu da aka faɗaɗa hanyar Kano zuwa Maiduguri, aikin da aka bayar tun 2006, inda kwalta ta yi kyau gudu ya ƙaru, amma birkin motocin da ke kanta bai ƙaru da komai ba. Tsufa ma ya yi.

A nan ne zan taɓa kaina kafin in taɓa wani. Takardar shaidar lafiyar motata tana cikin akwatin gaban mota, da hatimi da sa hannu. Ranar da aka yi ta motar tana ƙofar gida, ko tayar da ita ba a yi ba. Wani ɗan tsakani na ba kuɗi, da yamma ya kawo mini. Na san ba ni kaɗai ba ne, kuma na san da yawa daga cikin masu karanta wannan sun fi ni sanin hanyar. Takarda ce da ke shaida abin da babu wanda ya gani, wato shaidar zur ce mai hatimi, kuma mu da muke sayenta mun fi direban Golf laifi, domin mu mun san abin da ya kamata ta ƙunsa. Likitan da ba zai yarda a ba da sakamakon jini ba tare da an ɗebi jini ba, lauyan da zai yi fata-fata da takardar da aka sa wa hannu a bayan idon mai ita, duk suna yawo da irin wannan takarda ba tare da ta dame su ba.

Hukumomi ba su yi mana ƙaranci ba. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988, akwai jami'an duba lafiyar motoci na jiha, akwai KAROTA tun 2012, akwai 'yan sanda. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne awo. Lokacin da Birtaniya ta fara gwajin dole na motoci a 1960, ba da wata gagarumar na'ura ta fara ba. Motocin da suka kai shekara 10 aka ce a kawo, abu uku kuma ake dubawa: birki, fitila da sitiyari. Na'urar da ta yi suna wajen awon birki a can, wadda ake kira Tapley, 'yar ƙarama ce da ake ajiyewa a ƙasan mota, a yi gudu kaɗan a taka birki, ta nuna lamba. Lambar ta kai, ka wuce. Ba ta kai ba, ka gyara ka dawo. Babu gardama, babu "Yallaɓai, a duba mana." Irin wannan na'ura ta zamani ana iya riƙe ta a tafin hannu.

Labarin Jamus ya fi kusa da abin da nake ganin zai yiwu a wurinmu. Ƙungiyoyin TÜV da suke gwajin motoci a can ba gwamnati ce ta haife su ba. A 1865 tukunyar tururi ta fashe a wata masana'anta a garin Mannheim, ta yi kisa. A shekarar da ta biyo baya masu irin waɗannan tukwane suka haɗu da kansu suka kafa ƙungiyar da za ta riƙa duba musu, domin sun ga cewa dukiyarsu da rayukan ma'aikatansu ne a kan wuta. Hukuma daga baya ta zo ta jingina da su. A tashoshinmu kuwa akwai ƙungiyar da ta fi kowace hukuma iko a kan direba. Ƙungiyar direbobi ce ke cewa wane ne a kan layi, ita ke yankar kuɗin lodi, ita ke hukunta wanda ya ɗauki fasinja a bakin hanya ya tsallake tasha. Ƙungiyar da za ta iya hana mota lodi saboda ba ta biya kuɗin tikiti ba, ba ta da bakin cewa ba za ta iya hana ta lodi saboda birkinta uku ba.

Na san amsar da ke zuwa, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce duk wani sabon gwaji sabon shinge ne, sabon shinge kuwa sabuwar kafar karɓar na goro ce, talaka kuma shi zai biya a kuɗin mota. Za a ce direban da ke kashe injin don tsimin kofin fetur, ina zai sami kuɗin takalmin birki na gaske? Duk wanda ya san rayuwar Ajingi, inda mota ɗaya take zama motar kasuwa da motar asibiti da motar kai amarya, ba zai yi wasa da wannan ba. In aka ce yau duk motar da ta faɗi gwaji a kama ta, an yanke ƙauyuka da dama daga duniya.

Amma ba kamu nake nema ba. Cin hanci yana rayuwa ne a inda hukunci yake a bakin mutum ɗaya, a kan hanya, babu mai gani. Awon da aka yi a cikin tasha, a gaban fasinjoji da sauran direbobi, na'ura ta nuna lamba a rubuta a allo, wuyar sayarwa gare shi. Kuma yawancin abin da zai fito ba mai tsada ba ne: tiyon busta da ya tsage, man da ya shekara biyar, iska a bututu, takalmin da ya cinye. Duk a haɗe ba su kai kuɗin taya ɗaya sabuwa ba, balle kuɗin jinyar karaya a asibitin ƙashi na Dala. Mai motar da ke karɓar balas kowace yamma shi ya kamata ya biya, kuma sau da yawa mai motar nan ma'aikaci ne a Kano, mai albashi, irinmu. Masarautar Gaya a tsarin da aka yi a 2024 ƙananan hukumomi uku ta ƙunsa, Gaya da Ajingi da Albasu. Na'ura uku, kanikawa shida da aka horar, da fili mai tsawon mita 100 a gefen kowace babbar tasha, ba su fi ƙarfin ƙananan hukumomin da ke sayen motocin alfarma ba. A fara da motocinsu da motocin ɗaukar marasa lafiya, a liƙa sakamakon a bango kowa ya gani.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan 'yan jarida, ni ma a ciki. Duk sanda wani jami'i ya ce mana birki ne ya tsinke, sai mu rubuta mu wuce. Ba mu taɓa tambaya wane ɓangare ne ya tsinke ba, wa ya buɗe motar ya duba, yaushe aka yi mata gwajin ƙarshe, wa ya sa hannu a takardarta. In jirgin sama ya faɗi ana tattara kowane ƙusa a yi rahoto. Motar da ta kashe mutum 15 kuwa janwe ke ja ta gefe, bayan wata biyu kayan cikinta suna kan tebur a Ƙofar Ruwa, har da bustar da ba a san ko ita ce ta yi kisan ba, wani ya saya ya ɗaura.

Batun ƙaddara ba zan tsawaita ba, malamai sun fi ni sani. Kowane ɗan makarantar allo ya ji labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Abin da ke ba ni mamaki shi ne ba ma kawo wannan gardama a wasu wurare. Ranar Juma'a a kasuwar Wudil babu mai sayen sa sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙori, ya sa an kora shi ya ga takunsa. Manomi ba ya biyan kuɗin fartanya sai ya ƙwanƙwasa ta ya ji amon ƙarfen. Gaya kuwa, in an bi tarihin baka, garin maƙera ne, daga can aka ce Abagayawa suka taso neman tama har suka sauka a gindin Dala. Mutanen da suka gaji sanin cewa ƙarfe sai an gwada, su ne ke ɗora mace mai naƙuda a motar da babu wanda ya taɓa auna tsayawarta. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma birki ranar shanu muke gwada shi.

Da muka isa Ajingi na tsaya na nuna wa direban gwajin minti ɗayan nan. Ya taka har ya yi tauri, ya tayar da injin, ya ji birkin ya nutse ƙarƙashin ƙafarsa. Ya sake yi sau biyu, ya kira wani abokinsa ya ce ya zo ya gani. Abokin ya gwada a tasa motar, birkin bai motsa ba ko kaɗan. Suka dubi juna. Ɗan kamasho yana ta kiran Gaya, Gaya, saura mutum biyu, kuma motar abokin ce a kan layi.